Na Sauka Daga Mulki Saboda Ke

Ya Shifa, farin wata ɗan daren sha huɗu, raɓar asuba, ruwan farko na damina, ranar da ke haska ni a ƙasar da rana take yi wa mutane rowa!

Tun da kika hau bas daga Birmingham kika koma Manchester ba ko waiwaye, unguwarmu Erdington ta zame mini kango. Shayi ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Saƙonnina suna nuna kin karanta, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu da ba ya son dawowa. Jiya kuma Inna, mahaifiyata, ta bugo daga Kano, wai kin ce a dakata da maganar ranar aurenmu. A dakata, Shifa? Ana ce wa numfashi ya dakata?

Kin tuna yammar nan a titin Wilmslow Road na Manchester, ruwa na tsuga, kina ba ni labarin matar da kike digirinki na uku a kanta? Matar wani shugaban ƙasar Amurka, tun ƙarni na goma sha tara. Kika ce ta fi mijin karatu, ita ke gyara masa jawabi, amma yana hawa mulki rayuwarta ta ƙare a tarbar baƙi, zaɓen labule da jera cokula, har ta bar duniya ba wanda ya tambaye ta abin da take so. Kika yi ƙwalla. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai ina kallon gashin idonki. Wane ɗan Adam ne zai fahimci tarihi a gaban waɗannan idanu? Ki yi adalci, rabin laifin nasu ne.

Shi ya sa ranar da aka zaɓe ni shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa a Erdington, ƙungiyar da duka membobinta ba za su cika bas ɗaya ba, murna ta kwashe ni. Na kama makirfo, na nuna ki, na ce ga First Lady. Aka yi tafi. Na ƙara da cewa bisa al'adar ƙungiya, matar shugaba ce ke soya masa, wato waina, ta haɗa miyar taushe ta taron Sallah, kuma tawa za ta fara tun bana. Aka rangaɗa guɗa. Na waiwaya in karɓi murmushinki, sai na tarar da kujerarki ba kowa. Ashe a satin Sallar za ki kare kundinki gaban malamai! Kin yi shekaru kina tono baiwar Allahn nan daga cikin tukwane, ni kuma na jefa ki ciki a bainar jama'a.

Ya tauraruwata, ga albishir: na yi murabus. Mulkina bai ma kai a buga mini kalanda ba. Mataimakina Ashafa ya hau kujera, matarsa Hajiya Kubura, likita mai kwana a asibiti, ta gaji tanda da ludayi. Yanzu in ta hango ni a titi sai ta tsallaka ɗaya gefen. Don in wanke kaina na ɗauki alkawarin soya masar da hannuna. Gwajin farko ya tada ƙararrawar gobara, maƙwabta suka fito waje da silifas suna zagina da Turanci. Wane masoyi ne ya taɓa yin irin wannan sadaukarwa?

Ina kewarki, Shifa, kewa mai ciwo, kuma ina tsoron rasa ki. Ba uwargidan shugaba nake nema ba. Ki gama karatunki, a riƙa gayyatarki taro, in bi ki a baya da jaka, a nuna ni a ce ga mijin Dakta Shifa, ba ma sai an faɗi sunana ba. Don Allah ki buga wa Inna ki ce kada a taɓa ranar nan.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Umair, tsohon shugaba, talakanki.