Ba Za a Zuba Siminti a Lambuna Ba

Zuwa ga ɗana Auta,

Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya kuma ƙara maka hankali, don shi ne na ga ya fara yi maka ƙaranci. Ni dai ina nan yadda ka bar ni shekara uku da suka wuce, sai gwiwa da ta ƙara tauri. Yayarka ta leƙo ranar Talata, ta ajiye magani a kan tebur, ko takalmi ba ta cire ba ta juya. Da hannu nake rubuto maka, domin a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Leburan da ka turo ya share filin bayan gidan nan ya zo ina asibiti. Can gindin katanga akwai fangali biyu da na zuba irin albasa da barkono, na lulluɓe su da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye danshin. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ana yin haka. Kwana tara ina yayyafa musu ruwa da gwangwanin madara, har sun fara huda ƙasa. Shi kuwa mutumin naka da ya ga ciyawa sai ya ɗauka shara ce, ya tattara ta a tsakiyar fangalin ya kunna mata ashana. Da na dawo toka na tarar. Na tambaye shi, ya ce kai ka ce kada ya bar ko tsinke. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya aiko shi ma bai san abin da ke cikin gidan ubansa ba.

Maimakon ka ba ni haƙuri, sai ka ce wa yayarka ai daman lambun ba ya yi, gara a zuba siminti kowa ya huta, kada in faɗi. Sau ɗaya na taɓa faɗuwa a gidan nan, a bakin banɗaki, kuma a kan siminti ne. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo. Bara tsutsa ta cinye tumatir, na sake shukawa. Akuyar maƙwabci ta fasa shinge ta kiwace alayyaho, na ɗaure shingen na sake. Ita akuya yunwa ce ta kawo ta, kuma da ƙafarta ta zo. Ka san abin da ke tashe ni daga gado da safe? Ba ƙarar wayarka ba ce. Ƙishin shukar nan ne. In ka rufe ta, me zan tashi in yi?

Jiya magininka ya iso da buhu shida na siminti a kan amalanke. Na ba shi ruwa ya sha, na nuna masa hanyar komawa. Na riga na juya tokar cikin ƙasa, na sake zuba ragowar irin da na adana cikin ambulan. Durƙusawar ta ci mini yini guda, amma sannu ba ta hana zuwa. Makullin ƙofar baya yana rataye a wuyana. Kada ka sake turo mini kowa. In har simintin kake so, ka zo da kanka, ka durƙusa ka tumɓuke shukar da hannunka ina zaune ina kallonka. Ba zan hana ka ba. Ɗakinka a share yake.

Ka gaida matarka, in tana tuna akwai ni. Ka gaida takwarana, da 'yar ƙaramar amaryata wadda a hoto kawai na san fuskarta. Ka ce mata angonta bai mutu ba tukuna.

Ni ne mahaifinka.