Kan Takardar Zaman Mijina, Mahaƙin Rijiya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaro na garinmu, ƙasar Tambuwal.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka sannu da aiki.

Ni ce Hajara, haifaffiyar garin nan, matar Idi mahaƙin rijiya. Ya zo ci-rani daga Nijar, ya aure ni, ɗiyanmu fuɗu duk nan aka yanke musu cibiya.

Na farko, godiya. Ranar Juma'ar da aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar gari cikin mako guda, ban iya cin abinci ba. Shekara goma sha uku Idi na nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Kai ka saurari liman da mai unguwa, suka shaide shi, ka sa hannu ranar Laraba. Allah ya saka maka da alheri.

Na biyu, takardar iyakarta garin nan. Ran Asabar an kira shi aiki wani ƙauye wajen Kebbe. 'Yan sintirin hanya suka sauke shi daga babur, suka ce ba su san hatiminku ba. Tun hantsi yana zaune a rana da igiya da diga, har la'asar, sannan aka maido shi. Mutanen da suka kira shi har yau rafi suke zuwa ɗibar ruwa.

Na uku, ba kowane baƙo ke da liman da zai shaide shi ba. Masu zuwa yankan gero wata biyu suke yi su koma. Uku daga cikinsu sun tafi tun kafin wa'adi ya cika, don ba su san wa za su tunkara ba.

Mun san abin da ya kawo dokar. Mu ma mun binne 'yan'uwa. Roƙona, ku zauna da kwamitocin maƙwabta a amince da takarda ɗaya. Kuma a bar mai gona ya tsaya wa wanda ya ɗauka aiki.

Jiya na kwance tukwanen da na ɗaure cikin buhu don tafiya ƙasar da ban taɓa gani ba, na dafa tuwo a murhuna. Ina so matan sauran baƙi su samu irin wannan.

Allah ya kare ka, ya ba mu zaman lafiya.

Wassalam.

Hajara, matar Idi.