Takin da Aka Ce Tallafi Ne

Wurno, Lahadi

Zuwa ga ƙanena Zaharaddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mahbuba da yara. Ya jama'ar Rabah? Mu nan sai godiya, in ban da ɓacin ran da ka jawo mini.

Ka san injin casar shinkafar Alhaji Mainasara na Goronyo da nake ta zance. Ya yarda ya sayar mini, na ba da kafin alƙalami, ya ce zai jira ni zuwa girbi. Ranar Alhamis na tafi banki neman rancen ciko, da kitsona sabo, ina ganin an gama. Yaron da ke teburin ya latsa kwamfuta, ya dube ni, ya sake latsawa. Wai akwai rahoton da kowane banki ke dubawa kafin ya ba da rance, inda ake rubuta wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Wai sunana yana cikin waɗanda suka ci suka share baki. Ni Mairo, da matan unguwa ke ajiye adashi a hannuna tun kana wasan ƙasa.

Da na matsa, sai ya ce bashin taki ne da irin shinkafa. Nan na tuna shekarar da ka zo da mutanen ƙungiyarku ta manoma ka sa na dangwala yatsa. Mi ka ce mini ranan? Tallafi. Takin ko warinsa ban ji ba, gonarka ya tafi. Wallahi raina ya ɓaci, kunya ta hana ni kallon yaron. Ka zo ka gyara abin da ka ɓata.

Ka gaida Mahbuba, ita ba ruwanta.

Yayarka,
Mairo

Wurno, Laraba

Zaharaddeen,

Ina gaishe ka, ina fata kowa lafiya, da jikin ƙaramar da aka ce tana tari.

Saƙonka ya iso. Wai kowa ma bai biya ba, wai kuɗin gwamnati ne. To, kowa ne ke neman injin, ko ni? Kai da ma bakinka ya fi hannunka aiki. An ce mini ko na biya yau sunana ba zai wanke nan take ba, sai an gyara rahoton, kuma za a rubuta cewa na biya a makare. Duk da haka na sayar da tumakina, na ce in biya nawa, sauran in ƙara cikin kuɗin injin ko Alhaji zai ƙara haƙuri.

Na sami Mu'azu, magatakardan ƙungiyarku. Ya karɓa, ya rubuta mini shaida. Ina gyara mayafi zan tashi, sai ya tambaye ni ko har da na Inno zan biya. Na zauna.

Har mahaifiyarmu ka sa ta dangwala, Zaharaddeen? Tsohuwar da ko gishiri ta aro sai ta mayar kafin magariba. Ranar jana'izarta an ce mini liman ya yi cigiyar duk mai binta bashi, kana sahun gaba, ka yi shiru. Na san ba mugunta ka yi ba, ka ɗauka kyauta ce. Wannan ne ma ya fi ba ni haushi.

Na biya nata da abin da ya rage. Na aika wa Alhaji ya sayar da injinsa ga wanda ya shirya. Zan ci gaba da ɗaukar buhu zuwa injin wasu, ba yau na fara ba. Kada ka zo ba ni haƙuri, ban huce ba. Ka tafi maƙabarta ran Juma'a ka yi mata addu'a, shekara uku ke nan tana kwance da takinka a wuyanta.

Allah ya shirye ka, ya raya mana yara.

Yayarka,
Mairo