Gurbi Biyu a Jadawali

Yayata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Jami'a ta turo ni wata makaranta in yi zango guda ina koyon shugabanci a hannun hedimastanta. Tsoho ne mai takalmi duk ƙurar alli, ofis ba ya riƙe shi. Ni da na zo da littattafai jaka guda, sai ya tsayar da ni bakin ƙofa mako biyu ina gaida yara da sunayensu.

Yanzu ya tafi taro, ya bar mini makullai. Kin san ni da rawar kai. Dakta, malaminmu na jami'a, ya koya mana a sa lissafi da sassafe. Na ga malamar lissafi ba ta da darasin farko ran Litinin da Alhamis, na cike guraben, na manna sabon jadawali. Ki fara ce mini Shugaba.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na tafka ta'asa.

Malamar ta makara sau biyu, na yi mata faɗa a gaban malamai. Washegari ta miƙo mini takardar ajiye aiki, ga 'yan ajin ƙarshe saura wata biyu jarrabawa.

Da hedimasta ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ciro tsohon jadawalin, ya ɗora yatsa kan guraben nan. Ashe ranakun ne take kai mijinta wankin ƙoda, shekara shida ke nan. Hedimasta ne ya bar mata su, bai gaya wa kowa ba, don ba ta son a riƙa kallonta da tausayi. Ki riƙe wannan a cikinki. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya raka ni har ƙofar gidanta, ya ce nan iyakarsa. Na shiga ni kaɗai na ba ta haƙuri. Ta ce za ta yi tunani. Jibi kuma Dakta zai zo duba aikina. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaida kowa da kowa. Albishirinki!

Malamar ta dawo. Da Dakta ya zo, ni da bakina na faɗi abin da na yi, ban da sirrinta. Sai tsohon nan ya ce laifin nasa ne, shi da ya ba ni makullai bai ce in tambaya kafin in taɓa komai ba. Dakta ya daina rubutu a kaina, ya koma rubuta maganarsa, har ya roƙe shi ya zo jami'a ya koyar da 'yan bayanmu. Ban taɓa ganin mutum irinsa ba, Yaya.

Na ci, an ba ni makaranta. Ran sallama hedimasta ya naɗe tsohon jadawalin ya ba ni.

A sabuwar makarantar ma na tarar da gurbi ran Laraba da safe. Biro na hannuna na tuna, na mayar da shi jaka. Gobe zan je in tambayi mai shi.

Ƙanwarki,
Auta