Hannun Hagun Dada

Litinin, 5 ga Oktoba, 2009

Tsohon fiyanon lantarki na Dada, wato babanmu, ya mutu murus. Fitilarsa na kamawa, amma ba ya cewa uffan. Usto Nuriddin mai gyara ya buɗe cikinsa ya rufe, ya ce, "Muryar ta ƙone, ɗana. Kai shi gida ya huta kamar mai shi." Ba don furfurarsa ba da ya ji baƙar magana.

Bikin ƙanwata Mehrangez ya matso. Tun tana 'yar mitsitsiya mahaifinmu ya yi mata alkawarin shi zai kaɗa mata waƙar fita daga gida. Yanzu hannunsa na dama a shanye, fiyanonsa kuma ya zama bebe.

Talata, 6 ga Oktoba

Na samo mafita, a ganina. Akwai faifan da Dada ya naɗi waƙar a kai bara, kafin ciwon. Ba sauti ne a ciki ba, saƙo ne zalla: wane maɓalli ya danna, da wane ƙarfi, yaushe ya saki. Sabon fiyanona zai karanta ya kaɗa.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na kunna masa. Ko rabi ba a kai ba ya juya fuska bango.

"Wane baƙo ne wannan?"

Na ce, kai ne, Dada.

"Ni? Yaushe na taɓa tafiya a sandare haka kamar falwaya?"

Abin haushin, gaskiyarsa ce. Tun da daɗewa ya sassauke muryar wasu maɓallai a cikin tsohon fiyanon, suka faɗa tsakanin fari da baƙi, inda kukan waƙar yake. Gyaran nan a cikin na'urar ya zauna, bai taɓa shiga faifai ba. Faifan lambar maɓalli kawai ya sani.

Juma'a, 9 ga Oktoba

Na yini ina sauke su a nawa, Dada na saurare yana kushewa. Ya yi yawa. Bai kai ba. To nawa ne, Dada? "Tambayi kunnenka, in kana da shi." Na fita na zaga kasuwar Panjshanbe ban sayi ko tsinke ba.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Ya ce ba zai sauko bikin ba. Wai ba za a jingine shi a kujera ana nuna shi da baki ba. Mehrangez ta ce, "Bar shi, yaya, ko ba kiɗa ai zan fita." Ta faɗa tana yanka karas na osh, dafa-dukan biki, ta ƙi ɗago kai. Tausayinta ya hana ni zama wuri ɗaya.

Talata, 13 ga Oktoba

Muryar tsohon fiyanon ce ta ƙone, ba bakin da yake aika saƙo ba. Me ya sa sai yau na tuna? Na ɗauko wayar midi, mai haƙora biyar da ke haɗa fiyano da fiyano, na haɗa ramin fitarsa da ramin shigar nawa. Shiru. Na zagi wayar, na zagi wanda ya ƙera ta. Ashe tsohon a layi na uku yake magana, nawa kuma na ɗaya yake saurare. Ina daidaita su na danna maɓallin mataccen, sai nawa ya amsa.

A gefen hagun tsohon akwai ɗan wilin da ake murzawa sauti ya lanƙwashe. Na murza, ya lanƙwashe a nawa. Ashe Dada na kallona daga shimfiɗarsa.

"Miƙo min nan."

Laraba, 14 ga Oktoba

Ni ke dannawa, shi ke lanƙwasawa da hagu. Azaba ce. "Jira ni! Jirgin Mosko ne zai tashi ya bar ka?" Sau biyu ina fita tsakar gida in sha iska. Ina dawowa in tarar da babban yatsansa a kan wilin, bai ɗauke ba.

Asabar, 17 ga Oktoba

Ya sauko. Da Mehrangez ta iso bakin ƙofa ta sunkuya, na riƙe doguwar muryar nan, shi kuma ya ja ta ƙasa a hankali, ya tsayar da ita daidai inda na kasa samu. Ta ɗago ta kalle shi cikin mayafi. Ban ga sauran ba, idona ya cika.

Wata gwaggo na ta rantsuwa wai Dada ya warke, shi ya kaɗa duka. Na ji zafi kaɗan, ban musa ba. Shi kuwa abin da ya ce min kawai, "Ka yi gaggawa a baiti na biyu."

Laraba, 21 ga Oktoba

Na yi wasa ni kaɗai a wani biki. Na murza wilina da kaina, ba wanda ya yi ƙorafi, har tafi aka yi. Ban ji daɗinsa ba.

Asabar akwai wani bikin a garin Isfara. Na ce wa direba ya bar wa Dada kujerar gaba, ya kuma zo da wuri, saukowa daga bene na cin lokaci. Fiyano biyu sun fi cika ido a gaban mutane, shi ke nan dalilin.