Allon da ya ƙi yin ja

Litinin da dare, New Bell

Cikin kwamfutoci huɗun da nake sa wa ido, masu bin sarƙar blockchain, wato kundin ciniki na intanet da ke ƙaruwa kullum, ɗaya ta tsaya cak tun Juma'a. Sauran sun yi mata nisa, amma allona kore shar. Ashe patron, shugaban ofishinmu, ne ya sa aka cire gargaɗin gaba ɗaya, wai ƙararsa na damun masu salla a ofis.

"Hajiya, kore ai lafiya ce," in ji shi. "Bar shi haka."

Da safe na riga na sa hannu a rahoton da ya ce komai daidai. Gobe mai ba mu kwangila zai zo daga unguwar Bonamoussadi da injiniyansa.

Da zan tashi, patron ya tambaye ni, cikin fara'a, yadda ake rubuta cikakken sunana. Na gane wa za a ɗora wa laifin gobe.