Tara Cikin Talatin

Abhur, Arewacin Jidda, Lahadi

Zuwa ga Kawu Bawa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda ka hana mu yi maganar nan a waya, ga takarda na ɓoye a ƙarƙashin kwanon Goggo Rabi'a da nake mayar mata.

Na gama duba shirinka na koya wa matasanmu haifaffun Jidda shugabanci, kamar yadda gidauniyar da ke ɗaukar nauyinsa ta sa ofishinmu. Kawu, ka yi aiki! Ɗalibarka Layan kaɗai ta isa shaida. Da aka rushe unguwar Karantina, ita ta bi gida gida har ta samar wa tsofaffi sha huɗu wurin kwana, tana 'yar shekara sha tara.

Abu ɗaya ya rage. Fom ɗin yana son lambar iƙama, wato katin izinin zama, ko ta katin ɗan ƙasa, ta kowane ɗalibi. Talatin ne a rajistarka, tara kawai na ga lambarsu. Yalla, maza ka turo sauran kafin Alhamis. Bidiyon bikin yaye su kuwa na riga na miƙa wa shugabana, Ustaz Thamer.

'Yarka,
Mastura

Kudancin Jidda, Litinin

'Yata Mastura,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, amma tun da na karanta takardarki ko shayi na kasa sha.

Ke da aka haifa da iƙamarki a hannu ba ki san dawan garin ba. Ashirin da ɗayan nan ba su da lamba, ba su taɓa samu ba. Iyayensu sun zo aikin hajji suka zauna, aka haife su nan. Layan na cikinsu. Idan aka kama ta, ƙasar da ba ta taɓa gani ba za a kai ta.

Kin kalli bidiyon nan da kyau kuwa? Al'adarmu ce ran yaye kowa ya miƙe ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, da gidan da ya fito, don ya daina jin kunyar asalinsa. Ni na ƙirƙiro hakan, ina ta alfahari. Ashe da hannuna na jera su, fuska da suna da ƙofar gida.

Don Allah ki karɓo bidiyon. In ya kama ki rubuta cewa shekaru shidan nan wasa na yi, ki rubuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya rufa asiri.
Kawunki,
Bawa

Abhur, Talata

Kawu,

Ina gaisuwa.

Na karɓo bidiyon, na ce sautin ne zan gyara. Ustaz Thamer bai tura wa kowa ba, amma ya kalla. Da ya zo kan Layan sai ya tsayar, ya ce, "Masha Allah, wannan ce za ta yi jawabi a taron gidauniya. Halas, shi ke nan, kawo min lambarta." Taron a otal ne, Kawu, kuma a bakin ƙofa ake duba kati. Na yi murmushi, na fita.

Ba mugu ba ne, so yake ya ɗaga ta. Shi ya sa nake tsoro, don ba zai manta ba.

Idan na rubuta talatin, sai da lamba talatin. Idan na rubuta tara, ƙa'idar gidauniya ta ce shirin ya gaza, za su rufe shi. Idan kuma aka gane na ɓoye wani abu, ofishin nan ne kafilina, shi ya tsaya min na zauna a ƙasar, tawa iƙamar ma ta tafi. Duk sanda wayar tebur ta yi ƙara sai in zaci asirin ne ya tonu. Kai ma da laifinka, da ka faɗa min tun farko.

A gaida Goggo.
Mastura

Kudancin Jidda, Laraba

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Da laifina, na karɓa.

Na tara ɗaliban da iyayensu na faɗa masu. Layan ta miƙe ta ce, "Ya Ammi, Kawu, kai ka koya mana kada mu ɓoye sunanmu. A rubuta nawa, in je in yi jawabin." Uwarta ta fashe da kuka ta riƙe mata abaya. Ban taɓa jin tsoron abin da na koyar ba sai yau. Na yi mata tsawa ta zauna, ni da na shekara shida ina ce mata ta tashi.

Kada ki biye mata.

Kawunki

Abhur, Alhamis

Kawu,

Salam. Na sa hannu. Tara na rubuta, na ce shirin bai cimma burinsa ba. Ƙarshen wata za a rufe.

Ustaz Thamer ya tambayi yarinyar bidiyon. Na ce baƙuwa ce ta zo umra, ta riga ta koma Najeriya. Ya ce kash.

Ka faɗa wa Layan in mun haɗu a hanya kada ta gaishe ni.

'Yarka,
Mastura